Masu Cire Haure: Daga Zabirar Wanzami Zuwa Kujerar Asibiti

Ciwon haƙori ba ya sallama da rana. Yakan bari sai an yi isha'i, an ja ƙyaure, mutum ya sa haƙarƙarinsa a tabarma, sannan ya ɗauko gangarsa. Duk wanda ya taɓa kwana da shi ya san bugun: zut, zut, tun daga muƙamuƙi har cikin kunne, har mutum ya rasa gane wanne ne ke ciwon, na sama ko na ƙasa. Akwai dalilin da ya sa ya fi son dare. Jijiyar haƙori a kulle take cikin wani ɗan ɗaki mai bangon dutse, in ta kumbura ba ta da wurin miƙe ƙafa, kwanciya kuwa tana ƙara turo jini zuwa kai. Shi ya sa ake tarar da magidanci zaune a ƙofar ɗaki da tsakar dare, ya naɗe haɓa da rawani, yana jiran asuba kamar mai jiran biyan bashi.

A ƙauyukan da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, su Birchi da Wurma da Tsauri, ko can wajen Karofi da Makera, ba wanda zai ta da babur cikin dare saboda haƙori, balle a shekarun nan da hanya ta zama abin da ta zama. Don haka kafin gari ya waye an gwada duk abin da ke cikin gida. An tauna kanumfari, an cusa gishiri, an dandaƙa tafarnuwa, an sa garin taba da kanwa. Kanumfari dai ba a raina shi, domin man da ke cikinsa har gobe likitocin haƙori suna haɗa magani da shi. Haka ma saiwar fasa-ƙwari, tana sa baki ya yi dindiris na ɗan lokaci. Amma ƙwayar asfirin da ake dannawa a jikin dasashi ƙona naman kawai take yi. Ruwan batir da fetur kuwa, waɗanda na ji da kunnena ana ba juna shawararsu a majalisa, ban san abin da zan kira su ba in ba ganganci ba.

Da hantsi sai a fita neman mai cirewa. A nan ƙasar Katsina tsofaffi "haure" suke cewa, kuma ba ka cika jin wani ya ce zai je a duba masa haure ba. Cewa yake zai je a cire. Kalmar da kanta ta faɗi yadda sana'ar take a wajenmu. Hannu uku ne ke cin abinci da bakin mutane a wannan yanki, kuma kowanne yana da nasa ciniki.

Na farko shi ne wanzami. Sana'ar gado ce mai sarautarta, Sarkin Aska, kuma tun kafin a san asibiti shi ne likitan unguwa: aski nasa, ƙaho nasa, kaciya da tsaga da cire belu duk nasa. Ba kowane wanzami ke taɓa haƙori ba, amma wanda ya iya, za ka sami ɗan awartaki a ƙasan zabirarsa, wanda maƙerin gari ya ƙera. Kada wani ya ɗauka mu kaɗai muka bi ta wannan hanya. A Ingila ma masu aski ne suke cire haƙori da tsaga jini, har aka haɗa su ƙungiya ɗaya da likitocin fiɗa a 1540, ba a raba su ba sai 1745. Abin da wanzami ya ƙware a kai shi ne haƙorin tsoho wanda ya riga ya yi girgiɗi, ƙashin da ke riƙe da shi ya zaizaye. Wannan ko zare aka ɗaura masa zai fito. Inda gizo ke saƙa shi ne turmin saurayi mai jini a jika, wanda kansa ya rube amma saiwoyinsa suna nan daram cikin ƙashi. Awartaki na kama shi sai kan ya farfashe, a nuna wa mai ciwo ɓaraguzai a ce an cire, alhali gindin yana ciki. Ga shi babu allurar kashe wuri, sai dai ƙarti biyu su riƙe kafaɗu. Ga kuma batun ƙarfen da ya shiga bakin wani ɗazu. Ƙwayar cutar hanta mai yaɗuwa ta jini tana iya yin mako guda a jikin ƙarfe da ranta, kuma binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da ita. Goge awartaki da tsumma ba ya kashe ta.

Duk da haka ina ganin girman wanzami a kan na biyu. Wanzami ɗan gari ne, an san gidansu, in ya yi ɓarna gobe za a tarar da shi a masallaci. Na biyun kuwa baƙo ne mai bin kasuwanni, yau Dutsin-Ma, gobe Charanchi, jibi wani wuri. Shi ne mai cire tsutsa. Yakan shimfiɗa buhu, ya jera kwalabe da hotunan rubabbun bakuna, ya kunna lasifika. In mai ciwo ya tsuguna, ko dai ya turara masa hayaƙin wasu 'ya'yan itace ta mazurari, ko ya ba shi wani ruwa ya kurkure ya tofa a kwano. Sai ga wasu fararen abubuwa sirara suna yawo a ruwan. A ɗaga kwano a nuna wa jama'a, a yi ta salati. Abin da ke cikin kwanon, in ba tsiron 'ya'yan itacen da zafi ya fasa ba ne, to abin da ya ɓoye ne tun farko a cikin auduga.

Tsutsar haƙori tsohuwar magana ce, ta girmi kakannin kakanninmu. An same ta a rubuce a allunan yumɓu na mutanen Iraƙi na dauri, Turawa ma sun yi ƙarni da ƙarni suna turara haƙori don korar ta. Wani likitan Faransa, Pierre Fauchard, wanda ya fitar da littafinsa kan haƙori a 1728, yana cikin waɗanda suka fara ƙaryata ta. A 1890 wani Ba'amurke mai aiki a Jamus, Willoughby Miller, ya bayyana ainihin abin da ke faruwa. Ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin farin dattin da ke liƙe a haƙori. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki sai su ci, su fitar da ruwa mai tsami, tsamin nan kuma ya riƙa narkar da farin bayan haƙori kaɗan-kaɗan. Yau ɗigo, baɗi rami, wata shekara kogo. Ba yawan sukarin da aka sha a zama ɗaya ne ya fi ɓarna ba, yawan komawa ne: shayi da safe, alawa a makaranta, lemon kwalba da rana, rake da mazarƙwaila da yamma, kowanne ya bar baki cikin tsami na wani lokaci kafin miyau ya wanke.

To me ya sa mai tsutsa bai rasa ciniki ba har yau? Saboda sau da yawa ciwon yana lafawa bayan an je wurinsa, kuma wannan shi ne babban sirrin sana'ar kaf. In kogo ya kai ga jijiya, za ta yi ta azaba na kwanaki, daga nan ta mutu. Ranar da ta mutu ciwo ya ɗauke cak. Duk wanda aka je wurinsa a wannan makon, mai tsutsa ne ko mai tofi ko mai kemis, shi zai kwashe yabo. Amma mushen jijiya na nan a ciki yana ruɓa. Bayan wata ɗaya ko shekara ɗaya mugunya ta taru a ƙarshen saiwa, kunci ya haye kamar an cusa goriba. A lokacin mai buhu ya daɗe da naɗe kayansa.

Hannu na uku shi ne na asibiti. Mutumin ƙauye yakan fara da babban asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma, ko wani ɗakin haƙori mai zaman kansa, abin da ya fi ƙarfin nan kuma a tura shi Katsina, Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Duk wanda ya sa farar riga a irin wannan ɗaki "likita" ne a bakin mutane, amma aikin hawa-hawa ne. Akwai cikakken likitan haƙori, mai shekara shida a jami'a da shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan hukumar likitoci ta ƙasa ta ba shi lasisi. Jami'ar Legas ce ta fara horar da su a 1966, yanzu kuma ana yi a nan Arewa, a Jami'ar Bayero da ta Maiduguri. Akwai jami'in da aikinsa wanke haƙori da koyar da tsaftar baki. Akwai maƙerin haƙori, wanda ba ya ma cika ganin mai ciwo, yana can ciki da siminti da roba yana ƙera na sawa. Tsohuwar makarantar waɗannan biyun ta tarayya tana Inugu. Sai mataimaki mai dafa kayan aiki da miƙa su. Cikakkun likitocin 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, mafi yawansu kuma suna manyan birane, don haka a garuruwa irin namu nauyin yakan faɗo kan na ƙasa da su. A nan ne ake gane mai amana, wato wanda ya san iyakar abin da aka koya masa, ya rubuta takarda ya ce, "Baba, wannan sai Katsina."

Na daɗe ina kallon yadda ake cire haƙori a hannun wanda ya iya, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rabin aikin da baki ake yin sa. "Inna, kina da hawan jini? Ciwon suga fa? In kin yanke, jini na saurin tsayawa? Wane magani kike sha? Kin karya kumallo?" In mace ce matashiya a tambaye ta ko tana da juna biyu. Mai ciwo yana ta ƙosawa, shi dai a cire, amma kowace tambaya da abin da take tsarewa. Mai sugan da bai daidaita ba, raminsa ba ya saurin warkewa. Mai hawan jinin da ya yi sama, ko mai shan maganin tsinka jini, yana iya yin ta zuba. Wanda ya zo da yunwa da tsoro kuwa, ganin allura kaɗai ya isa ya sume. Daga nan a ɗauki ɗan madubi a leƙa, a ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya da gindin ƙarfe, domin wanda mai ciwo ke nunawa da yatsa ba lallai shi ne mai laifin ba.

Sai allura. Maganin da aka fi amfani da shi a Suwidin aka haɗa shi a 1943, kuma a ganina duk tarihin wannan sana'a kashi biyu ne, kafin allurar nan da bayanta. Haƙorin sama ba shi da wuya, ƙashin wurin yana da laushi, ana tsira ta kusa da haƙorin magani ya ratsa. Na ƙasa shi ne gwajin hannu. Ƙashin muƙamuƙi yana da tauri, dole a je can ƙuryar baki a lalubo inda babbar jijiya ke shiga ƙashi, ba tare da ana ganinta ba. In an dace, bayan 'yan mintoci rabin leɓe da gefen harshe su yi nauyi. Shi ya sa ake tambaya, "Malam, leɓenka ya yi kauri?" Kafin ya ce e, mai hankali ba ya ɗaukar ƙarfe.

Cirewar kanta ba fizga ba ce, kuma nan ne wanzami da ɗan koyo suke faɗuwa. Haƙori ba a kafe yake kamar ƙusa a katako ba, wasu siraran zaruruwa ne suka ɗaure shi da ƙashi ta kowane gefe. Da farko akan sa wani ƙarfe mai kama da ƙaramin cokali a tsakanin haƙori da ƙashi, a riƙa murzawa a hankali har zaruruwan su saki. Sannan a kawo filaya, wadda kowane irin haƙori da tasa, a tura bakinta can ƙasa ta kama saiwa, ba kai ba. Sai a yi ta rausaya shi, waje, ciki, waje, ciki, kamar mai son tuge rogo a busasshiyar ƙasa ba tare da ya karye ba. Ɗaya hannun yana tallafe da haɓa, yatsu suna jin yadda ƙashi ke buɗewa. Haƙoran gaba saiwa ɗaya gare su. Turmin ƙasa biyu, na sama uku, wani lokaci a lanƙwashe kamar ƙugiya. In ya fito, ba a jefa shi a tasa sai an juya shi an ƙirga saiwoyin, an ga kowace da tsininta. Wannan ƙirgen na daƙiƙa biyar shi ne bambancin gwani da mai ƙarfin hannu.

Akwai maganar da ta zauna a zukatan mutane, cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido. Jijiyar gani dabam, ta haƙori dabam. Abin da ke saman turamen sama wani kogon iska ne da ke haɗe da hanci, shi ne mai aiki ke kaffa-kaffa da shi. In ma akwai abin da ke barazana ga ido, to rubabben haƙorin da aka ƙi cirewa ne, wanda mugunyarsa ke iya haurawa. Na ƙasa kuma tasa takan gangara ƙarƙashin harshe da wuya. Duk wanda kumburinsa ya sauko wuya, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar miyau ta gagara, ga zazzaɓi, wannan ya wuce maganar kemis da kwana ɗaya. Mota za a nema a wannan sa'ar, domin kumburin yana iya toshe numfashi. Ana mutuwa da ciwon haƙori, sai dai a wajen zaman makoki akan ce kumburin wuya ne.

Abin da ke cin ran masu wannan aiki shi ne yawancin haƙoran da suke cirewa da an zo da wuri da ba a cire su ba. Ramin da bai kai jijiya ba ciko kawai yake so: a kankare ruɓar, a cike, mutum ya tashi ya ci tuwonsa. Ko wutar lantarki ba dole ba ce, domin tun wajen tsakiyar shekarun 1980 aka fito da wata dabara a Tanzaniya ta kankare rami da ƙananan ƙarafan hannu, a cike da wani farin siminti mai kama haƙori, saboda wuraren da ba injin. Wanda ya kai jijiya ma ana iya ceto shi, a buɗe, a zare jijiyar, a wanke hanyar, a toshe. Amma wannan yana son hoto, da zuwa biyu ko uku, da kuɗin da ya ninka na cirewa sau da yawa. Sai ka sa kanka a matsayin manomin da ya baro gonarsa a tsakiyar damina, ya biya kuɗin babur zuwa da komawa. In aka ce masa ya dawo mako mai zuwa, zai dubi likita ya ce, "Ranka ya daɗe, a cire kawai in huta." Ba jahilci ba ne, lissafi ne. Illa dai lissafin bai haɗa da shekara goma masu zuwa ba, lokacin da na kusa da giɓin za su kwanto, na sama ya zazzago, tauna ta koma gefe ɗaya, nama da ƙuli-ƙuli su zama sai kallo. Ni a wurina gwanin wannan sana'a shi ne wanda ake miƙa masa kuɗin cirewa a hannu, ya ce wannan haƙorin bai kai na cirewa ba, ya kuma tsaya ya sha gardamar.

Ba kogo kaɗai ke zubar da haƙori ba. Na manya ciwon dasashi ne ya fi kwashe su, kuma shi ba ya ihu. Dattin da ba a goge ba yakan daskare a gindin haƙori ya zama kamar dutse, dasashi ya riƙa jini in an yi asuwaki, baki ya canza wari, ƙashi ya yi ta janyewa a ɓoye har haƙori ya fara rawa. Maganinsa wanki ne a asibiti. Mutane suna gudunsa wai yana sa giɓi da girgiɗi. Gaskiyar ita ce giɓin ya daɗe a wurin, dutsen ne ya rufe shi, kamar yaɓen da ya ɓoye tsagar katanga.

A nan dole in yi wa asuwaki adalci, don akwai 'yan boko masu yi masa kallon kayan ƙauye. Mutumin da ke goga asuwaki kafin kowace salla yana share bakinsa sau biyar a yini, wanda masu buroshi da yawa ba su kai ba. Ga na Makka da ake sayarwa a ƙofar masallatan Juma'a, ga reshen bedi da ke kowace kusurwa, ga marke. Aibinsa biyu ne. Yawanci gaba kawai ake gogewa, inda ake gani, a bar turame da bayan haƙori inda ɓarnar take. Sannan ba shi da isasshen sinadarin fuloraid irin na cikin man goge baki, wanda ke ƙara wa haƙori taurin jure tsami, abin da aka tabbatar tun da aka fara zuba shi a ruwan famfon wani gari a Amurka a 1945. Ban ga abin da ya hana a haɗa biyun ba, asuwaki da rana, buroshi da mai da safe da kuma lokacin kwanciya. Goro kuwa rini yake yi, ja ba ruɓa ba ce. Iyayenmu mata da gangan ma suke rina nasu da fure da goro don ado.

Inda sana'ar nan ta fi bukatar haƙuri shi ne wajen yara. Haƙoran nono ashirin ne, suna fara ɓullowa wajen wata shida, daidai lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki, kariyar da ya samo daga uwa kuma tana raguwa. Sai gudawa da zazzaɓi su zo, a ce, "Haƙori ne, ƙyale shi." Yara da yawa zazzaɓin sauro ya ci ƙarfinsu a ƙarƙashin wannan kalma. Neman maganin haƙorin ma ya taɓa jawo mana babban makoki: a 2008 wani ruwan magani mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da gurɓataccen sinadari, ya kashe yara fiye da 80 a Nijeriya. Wani kuskuren kuma yana zuwa ne a shekara shida. A lokacin turmin farko na dindindin yake fitowa can baya, ba tare da wani ya faɗi ba, sai iyaye su ɗauka na nono ne, in ya rube su ce ai zai yi famfara. Ba zai yi ba. Shi ne haƙorin da aka fi cire wa 'yan makaranta, kuma ba ya dawowa. Haka in yaro ya faɗi a ƙwallo haƙorinsa na dindindin ya fita ɗungurungum, kada a jefar. A riƙe shi ta kai, a tsoma a madara, a garzaya cikin sa'a guda, sau da yawa ana mayar da shi ya kama.

Akwai kuma cutar da duk mai leƙa bakin yara a Arewa ya kamata ya san fuskarta, wato zaizayar baki. Likitoci suna kiranta noma, sunan da ya yi karo da namu na aikin gona ba tare da wata dangantaka ba. Takan kama yaro ɗan shekara biyu zuwa shida wanda yunwa ta raunana, galibi bayan ƙyanda ko zazzaɓi. Daga ɗan gyambo a dasashi da warin baki take farawa, cikin kwanaki ta cinye kunci da leɓe har ƙashi. In ba magani, tara cikin goma ba sa tashi. In kuwa an gane ta tun tana gyambo, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci da tsaftar baki sun isa. A Sakkwato akwai asibiti sukutum dominta tun 1999, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa tun 2014 wajen gyara fuskokin waɗanda suka tsira. Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. Ma'aikacin da ke ɗaga leɓen yaro ya duba a asibitin ƙauye, ko da zazzaɓi aka kawo shi, ya fi mai cire turame ɗari amfani.

Sana'ar tana da gefen ado, kada a manta. Wushirya abin yabo ce, giɓi abin tsokana, alhali duk rata ce. Haƙorin Makka kuwa shaida ce, a yi murmushi a san an sauke farali. Ba ni da ta cewa a kansa, illa in hular ba ta zauna daidai ba abinci yana maƙalewa a ƙarƙashinta, haƙori ya rube a ɓoye cikin zinariya. Wanda na fi jin tsoro shi ne haƙorin robar da ake liƙa wa mutum nan take a kasuwa, a manne shi da na kusa yadda ba ya cirewa. Na asibiti awo ake yi, a ƙera, a riƙa cire shi da dare ana wankewa. Na kasuwa yakan zauna shekara da datti a ƙarƙashi, ranar da aka ɓalle shi a tarar ya tafi da maƙwabtansa biyu.

Wani kawuna na kai aka cire masa turmi, bayan ya sha hayaƙin mai tsutsa har sau biyu. Aka gama, aka cusa masa auduga aka ce ya cije rabin sa'a. Aka jero masa dokoki: yau ba kurkure baki, ba tofe-tofe, ba tsotsa, ba taba, ba kunu mai zafi, kada ya sa harshe ko tsinke a ramin, don gudan jinin da ya kwanta a ciki shi ne murfin, in ya fita ƙashi zai zauna a buɗe da azabar da ta fi ta farko. Daga gobe ruwan ɗumi da gishiri bayan kowane abinci. Yana ta gyaɗa kai, bakinsa a karkace. Da muka miƙe sai ya nuna tasa da yatsa, yana magana ta cikin auduga. Haƙorinsa yake so. Mataimakin ya yi dariya, ya wanke shi, ya naɗe masa a takarda.

Da la'asar na tarar da shi a zaure ya ɗora shi a kan dutse, ya kwantar masa da gindin fartanya. Haƙori ya rabe biyu. Ya sa tsinke ya zaro wani ɗan siririn abu ja-ja daga cikin saiwar, ragowar jijiyar, ya ɗaga shi wajen haske yana jujjuyawa.

"Kai ɗan nan," in ji shi, "zo ka gani. Ba kai ne ka ce babu tsutsa ba?"